Daga filin firamare zuwa kulob mai albashi: ta ina ƙanena zai bi?

Yayan Lamba Bakwai:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka san harkar ƙwallo ta ciki, ba ta gidan kallo ba. Ƙanena shekararsa 17, yana aji biyu na babbar sakandare, muna wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Gefen dama yake bugawa, Allah ya ba shi gudu, kuma a kofin da aka buga bayan babbar sallah babu wanda ya kai shi cin ƙwallo. Ƙungiyar tasu ta samarin gari ce, a filin firamare suke atisaye, karo-karo suke yi su sayi ƙwallo da riguna.

Ana tashi daga wasan ƙarshe wani mutum ya biyo mu har gida. Ya ce shi ejan ne, zai kai yaron gwaji Turkiyya, mu haɗa naira miliyan ɗaya da rabi na biza da tikiti da kuɗin fom. Ya nuna mana takardar gayyata a wayarsa, da tambarin kulob da komai. Ya ce ai Jamie Vardy, ɗan wasan Ingila, ma daga irin wannan ƙaramar ƙungiya ya fito. Yanzu Baba ya fara maganar sayar da shanun huɗa, ni kuma hankalina bai kwanta ba.

To, wannan hanya gaskiya ce? In ba ita ba ce, ta ina yaro irin wannan yake farawa har ya kai inda ake biyansa albashi?

Sakataren Kulob:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ba Baba haƙuri ya bar shanunsa a turke. Abubuwa biyu cikin maganar mutumin sun isa su rusa ta.

Dokar FIFA, sashe na 19, ta hana a sauya wa yaro ƙasa don ƙwallo kafin ya cika 18. 'Yan ƙofofin da aka bari, irin su iyaye su koma wata ƙasa saboda dalilin da ba ƙwallo ba, babu wadda ta shafi ƙanenka. Ahmed Musa ma bai tsallake wannan ba. Ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars a kakar 2009/2010, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, amma sai da ya jira ranar 14 ga Oktoba 2010, ranar da ya cika 18, kafin a ba shi damar buga mata. Gwaji kam ana iya kai yaro ɗan 17, amma da sharaɗi: izinin iyaye a rubuce, kulob ɗin can ya cike fom ɗin gwaji ya shigar da shi a tsarin FIFA da ake kira TMS aƙalla kwana goma kafin a fara, kuma kada ya wuce mako takwas. Sannan dokar ta haramta a nemi kuɗi ko a karɓa saboda gwaji. Saboda haka "kuɗin fom" ɗin nan babu shi a ko'ina sai a aljihun mutumin. Kulob da yake son yaro da gaske shi yake ɗaukar nauyin zuwansa.

Na biyu, ejan. Tun 2023 sai wanda yake da lasisin FIFA ake kira ejan, kuma sunayensu suna shafin FIFA, kowa zai iya dubawa da waya. Ka tambaye shi cikakken sunansa da lambar lasisi. Takardar gayyata kuwa, duk mai kwamfuta zai haɗa maka ita kafin ka gama shan shayi. Kada ka kira lambar da ke jikinta. Ka nemo adireshin kulob ɗin daga shafinsu na ainihi, ka tura musu hoton takardar ka ce ko tasu ce. Abin da ya saba faruwa da waɗanda suka biya shi ne bizar yawon buɗe ido ta 'yan kwanaki, ɗaki ɗaya da samari goma, atisaye a filin haya, daga nan wayar ejan ta daina shiga.

Yanzu ga inda ake farawa. Tsanin gasannin lig na Najeriya hawa uku ne a matakin ƙasa: NPFL mai ƙungiya 20 a sama, NNL a ƙarƙashinta, sai NLO, wadda ita ce ta ƙananan ƙungiyoyi da makarantun ƙwallo. A ƙasan NLO akwai gasannin hukumar ƙwallo ta jiha. Ƙungiyar samarin garinku ba ta kan wannan tsani ko a hawan farko, muddin ba ta yi rajista da hukumar ƙwallo ta Jigawa ba. Ko ƙwallo ɗari ya ci a kofin ciyaman, a takarda bai taɓa buga wasa ba. Aikinku na farko shi ne ku nemo ƙungiya mai rajista a Dutse, Haɗejiya, Gumel, Kazaure ko Kano, wadda take shiga gasar jiha ko NLO. Ku je ofishin hukumar da ƙafarku ku tabbatar sunanta yana nan, ku kuma tabbatar an yi wa yaron lasisin ɗan wasa da sunansa da hotonsa. Wasu ƙungiyoyin suna sa yaro ya buga da lasisin wani. Kada ku yarda ko da wasa ɗaya ne.

Kafin wannan ma, shekarar haihuwa. Ku karɓi takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, ku duba NIN, ku duba abin da makaranta ta rubuta. Rana ɗaya, wata ɗaya, shekara ɗaya, da rubutun suna iri ɗaya, ba Muhammad a nan Mohammed a can ba. Duk wanda ya ce a rage masa shekara biyu "don kasuwa" cutarsa zai yi. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009, wadda Kano ma ta karɓi wasanninta, ake ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI don gano shekarun yaro. In ƙashin ya gama haɗewa an cire yaro, kuma sunansa ya ɓaci. Ranar da aka fara shigarwa a rajista ita za ta bi shi har ya ajiye takalmi.

Rajistar nan kuɗi ce ga ƙungiyar da ta rene shi, shi ya sa mai hankali ba ya wasa da ita. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna tsakanin shekara 12 da 23. Kowace shekara daga 16 zuwa 23 rabin kashi ɗaya take ci. Wato in ya yi shekara uku a ƙungiya, daga baya aka yi cinikinsa yuro miliyan ɗaya, tana da yuro 15,000. Ƙungiyar da ba ta da rajista ko sisi.

Ɗan Leicester na Gezawa:

Sakatare ya gama magana a kan takarda. Ni labarin Vardy zan gyara, don 'yan damfara sun mayar da shi abin tallarsu, kuma rabinsa suke faɗa.

Vardy bai fito daga filin firamare ba. Yana makarantar ƙwallon Sheffield Wednesday har shekara 16, suka sallame shi, an ce don ƙanƙantar jiki. Wato tushen horo ya riga ya samu. Daga nan ya koma Stocksbridge Park Steels, ana ba shi fam 30 a mako, da rana yana aiki a masana'antar da ke yin abin tallafe ƙafar marasa lafiya. A 2010 FC Halifax Town ta saye shi fam 15,000. A 2011 ya koma Fleetwood Town a rukuni na biyar, ya ci ƙwallo 31 a lig, suka ɗauki kofi. A watan Mayun 2012 Leicester, tana rukuni na biyu a lokacin, ta biya kimanin fam miliyan ɗaya, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasan da ke wajen manyan rukunai huɗu ba. Shekararsa 25. Kakarsa ta farko a can ba ta yi kyau ba, har ya yi tunanin barin ƙwallo, koci Nigel Pearson da mataimakansa suka tausa shi. Bai taka firimiya ba sai yana 27, bai sa rigar Ingila ba sai Yunin 2015 yana 28. Sauran kowa ya sani: wasa 11 a jere yana ci, kofin 2016, takalmin zinare a 2020 da ƙwallo 23.

Ka lura, babu hawan da ya tsallake da kuɗin mahaifinsa. Kowane mataki wata ƙungiya ce ta ciro kuɗi ta biya, saboda ta ga alƙaluma. A Ingila ko rukuni na bakwai da na takwas suna da jadawali na kaka guda, ana rubuta wa ya buga, minti nawa, wa ya ci, kuma masu farautar 'yan wasa suna zuwa su tsaya a bakin fili cikin sanyi. Haka Ian Wright ya fito daga Greenwich Borough zuwa Crystal Palace a 1985, haka Chris Smalling daga Maidstone, haka Michail Antonio daga Tooting & Mitcham.

Bambancin da ya fi ciwo shi ne shekaru. Bature zai iya makara har 25 saboda yana gida, ba ya neman takardar izinin aiki. Ɗan Najeriya da bai fita ba har ya kai 23, kasuwarsa a Turai ta yi sanyi ƙwarai, don ƙananan ƙungiyoyin can suna sayen yaro ne su gyara su sayar. Ingila kai tsaye ma ku cire ta daga lissafi, tun 2021 da maki ake ba da izinin, makin kuma daga wasannin ƙasa da ƙarfin lig ɗin da ka fito yake zuwa.

Misalan da suka fi kama da ƙanenka namu ne na nan. Zaidu Sanusi daga Jega ya tafi Fotugal, ya yi zaman Mirandela a ƙananan rukunai, ya hau Santa Clara, a 2020 Porto ta ɗauke shi, kuma shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofi a 2022. Alhassan Yusuf haifaffen Kano ya tafi IFK Göteborg ta Suwidin a 2018, ya koma Royal Antwerp a 2021, suka ci lig ɗin Beljiyam a 2023. Ta ƙaramar ƙofa duk suka shiga. Shi ma wanda bai fita ba, rayuwa ce: dubi shekarun da Rabi'u Ali ya kwashe a Pillars.

Yayan Lamba Bakwai:

Allah ya saka da alheri. Na tambayi mutumin lambar lasisi, ya ce zai turo, shiru har yanzu. To in mun samu ƙungiya mai rajista ta ce ya zo tantancewa, me zai shirya? Wata biyu zai ishe shi?

Koci Mai Usur:

Wata biyu zai rage kunya, wata uku ya fi. Ɗana, bari in faɗa maka inda yaran ƙauye suke faɗuwa a tantancewa, don kusan wuri ɗaya ne.

Taɓawar farko. Filin yashi yana riƙe ƙwallo, tana zuwa maka a gajiye. A kan ciyawa ko filin roba tana zuwa da gudu, sai ka ga gwanin gari ya tare ta ta yi tsalle taku uku gaba, mai tsaron baya ya kwashe. Maganin bango ne. Ya samu ƙwallo lamba biyar ta gaske, mai nauyin giram 410 zuwa 450, ba 'yar roba mai tashi da iska ba, ya tsaya taku biyar zuwa goma daga bangon siminti inda ƙasa take da tauri. Ɗari da dama, ɗari da hagu, kullum, yana tarewa zuwa gefen da zai tafi, ba ƙarƙashin ƙafarsa ba. Ɗan gefe mai ƙafa ɗaya minti goma ya isa a gane shi a toshe masa hanya. In da hali, sau ɗaya a mako ya shiga mota ya je inda ake da fili mai kyau ya buga.

Sai girman fili da tsawon wasa. Cikakken fili mita 105 ne a 68, filin firamare sau da yawa bai kai kashi biyu bisa uku na wannan ba, kuma wasan gari minti talatin-talatin ake yi kafin magariba. Ƙwararren ɗan wasa yana cin kilomita goma zuwa sha ɗaya a minti 90. Gudun hanya a hankali na awa guda ba shi ne maganin ba, yana ma kashe masa kaifi. Abin da ɗan gefe yake buƙata shi ne ya tsere, ya dawo, ya sake tserewa. Sau biyu a mako ya yi gudun minti huɗu mai ƙarfi, hutun minti uku yana tafiya, sau huɗu. Wata rana daban ya auna mita 30 ya yi gudun ƙarshe sau shida zuwa takwas, yana hutawa sosai tsakani. Ku riƙa aunawa da agogon waya. Wanda ke yin mita 30 a kusan daƙiƙa huɗu, gudunsa na sayarwa ne. Ranar hutu ɗaya a mako dole ce, kuma ranar da aka yi wunin noma ko kaftu ba ranar gudu ba ce. Daga Maris zuwa Mayu a yi atisaye bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Da azumi kuwa mai nauyin a bar shi sai an sha ruwa.

Akwai kuma abin da ba a koya a wasan da babu mataimakan alƙali: satar gida. Yaro mai gudu yakan saba tsayawa a bayan masu tsaron baya yana jira. A tantancewa tuta za ta tashi sau uku, a ce ya fito. Ya koyi tsayawa daidai kafaɗar na ƙarshe, ya lanƙwasa gudunsa, ya tashi lokacin da ƙafar mai ba shi ta taɓa ƙwallo. Kuma in an ƙwace masa ya biyo baya. Masu zaɓe sun fi kallon abin da yake yi in ƙwallo ba ta wurinsa. Yanka mutum uku don 'yan kallo su yi ihu ba ya burge su.

Takalmi: a busasshiyar ƙasa mai tauri a sa mai ƙananan haƙora da yawa. Mai dogayen haƙora shida na jiƙaƙƙiyar ciyawa ne, a kan tsandauri yana murɗe idon sawu. Kada ya je da sabon takalmi ranar tantancewa, ya yi mako biyu yana sa shi. Ya tafi da abin kare ƙwauri, da ruwansa, da kuɗin kwana uku, don ba a cika gamawa rana ɗaya ba.

Abinci ba sai na kanti ba. Tuwo ko shinkafa da wake awa uku kafin wasa, ƙwai biyu, gyaɗa, nono, fura ko dabino bayan an tashi. Ruwa ya sha har fitsarinsa ya yi fari-fari. Abin da zan ja kunne a kai shi ne ƙwaya. Tramadol ta shiga jerin abubuwan da hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwaya a wasanni, ta haramta a lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024, ban da cewa tana ɓoye ciwo mutum ya ci gaba da gudu a kan rauni har ya lalace.

Rauni kuma a bambanta. Targaɗen idon sawu: hutu, ƙanƙara a cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaure, a ɗaga ƙafar, ban da ruwan zafi da murza a kwana biyun farko. Amma gwiwar da ta yi ƙara ta kumbura cikin 'yan awoyi, tana kuma zillewa in an taka, wannan jijiya ce ta ciki, ba aikin mai ɗori ba ne. A kai shi asibitin ƙashi na Dala a duba. In ta tsinke, aiki ne da jinyar wata tara ko fiye. Kafin ya shiga atisaye mai nauyi ma a auna masa zuciya da jini. Tun rasuwar ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji a fili a 1989 ya kamata a ce mun daina raina wannan gwaji.

Sakataren Kulob:

Koci, a gafarce ni in ƙara abu biyu da ba na fili ba.

Bidiyo. Guntun minti ɗaya da kiɗa a TikTok ba ya sayar da kowa. A ɗauki cikakken wasa biyu, wayar a kwance, daga wuri mai tudu daidai tsakiyar fili, ko kan mota ne, ba tare da ana matso da hoto ana bin ƙwallo ba. Daga ciki a yanko minti uku zuwa biyar, a rubuta lambar rigarsa, ranar wasan da sunan abokan karawa. Wasan ya zama na gasa mai rajista. Kofin ƙalubale na jiha yana da amfani a nan, don a cikinsa ne ƙaramar ƙungiya take iya haɗuwa da irin su Pillars ko Jigawa Golden Stars, idanu kuma suna wurin.

Sai sa hannu. Yaron da bai kai 18 ba, kwantiraginsa ba ya wuce shekara uku, kuma sai da sa hannun uba ko waliyyi. Babba iyakarsa biyar. Yarjejeniya da ejan ba ta wuce shekara biyu. Duk takardar da ta ce wani mutum ya mallaki kaso na kuɗin sayar da yaron nan gaba, FIFA ta haramta irinta tun 2015. A nemi wanda ya iya Turanci sosai, in da hali lauya, ya karanta kafin a dangwala, a ga albashi nawa, ranar biya, wa zai biya magani in ya ji rauni, kuma a karɓi kwafi a tafi da shi gida. Yawancin rigimar da ke tashi, za ka tarar ɗan wasan ba shi da kwafin abin da ya sa wa hannu. Fasfo kuma a hannunsa yake zama, ba a jakar shugaban ƙungiya ba. In aka riƙe masa albashin wata biyu, ya rubuta takardar gargaɗi ya ba su kwana 15, in ba su biya ba doka ta ba shi damar tafiya.

A NLO dai kada ku sa ran albashin kirki, galibi kuɗin mota ne da alawus na wasa, shi ma ba kullum ba. Saboda haka ku zaɓi ƙungiyar da zai iya zuwa Juma'a da yamma ya dawo Lahadi har ya gama aji uku ya rubuta WAEC ko NECO. Lokacin ya cika 18, yana da kaka guda a rubuce da lasisinsa, sai a fara maganar NNL.